Bakin da Babur ya Buɗe

Sallama gare ku masu bin labarina, na gida da na bakin iyaka. Masu turo mini cewa in auri Isaka in huta, na ga saƙonku. Masu cewa ban yi wa mamaci kara ba, ku ma na gani. Yau zan faɗa muku abin da ya riƙe mini ƙafa. Ba Isaka ba ne, ba kuma kabarin mijina ba ne. Yarinya ce da ke kwana a ɗakina.

Wanda yau ya fara saurare, sunana Habsatu. Mijina Tasi'u ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, a nan Gazawa, daminar bara wata babbar mota ta banke shi a kan gudron, titin kwalta. Na yi takaba a ɗakin hayarmu, na fita, ban koma gidanmu ba. Allah bai ba mu haihuwa ba. Abin da ya bar mini katifa ce, da madubin babur guda da aka tsinto a bakin hanya, sai ƙanwarsa Hamdiya.

Daga ƙauyensu bayan Gangara ya ɗauko ta, don can lakol, wato makaranta, ta firamare kaɗai gare su, kuma kun san ɗan ƙauye in ba shi da masauki a gari, karatunsa ya ƙare ko da kansa ya fi na kowa. Ranar da ta zo, hijabinta ya yi mata yawa, tana rungume da ledar kaya kamar za a ƙwace. Na yi mata sannu da zuwa, sai da na gama jiƙa gari kafin amsar ta fito. I'ina gare ta, irin wadda ke matse wuya har idanu su kawo ruwa. Yaran unguwa suka sa mata Ha-Ha-Hamdiya. In na aike ta sayen barkono, sai ta nuna da yatsa, mai kaya ya ba ta abin da ya ga dama.

A kwaleji akwai wani malaminsu, Mushe Bashir, shi ke riƙe da kulob ɗin rediyo. Duk Laraba da rana, tunda babu lakol, yana kai ƴan kulob gidan rediyon garinmu su yi shirin matasa, su karanta sanarwa. Ya ga rubutunta ya ce ta shigo, ta riƙa rubutawa wasu suna karantawa. Da ta faɗa mana, marigayi ya yi dariya har ya ƙware da fura. Ya ce mai i'ina a rediyo, to shi ma gobe zai kai jaki tseren babur.

Shi ɗin dai ya gano maganin. Wata rana ya goyo ta, suna cikin gudu, sai ta ƙwala masa cewa ya taka birki ga amalanke nan zai fito daga lungu. Magana ta fito sumul, babu gargada ko ɗaya. Ya dawo gida yana ta juya abin. Ya ce mini, in injin na kuka yarinyar nan ba ta jin tsoron muryarta. Daga nan kullum da yamma sai ya ɗauke ta su fita bayan gari, yana tuƙi tana ba shi labarai da ƙarfi, wai ita ce mai karanta labaran duniya, shi ne duniyar. Mutane suna cewa Tasi'u ya haukace, yana ƙona mai a kan fasinjar da ba ta biya. Mushe Bashir da ya ji, sai ya riƙa sa mata abin kunne mai ɗan gunji a ciki, ya koya mata buga yatsa a kan tebur tana magana. Ya kuma ba su doka guda, wadda har ni na haddace don yawan maimaitawa: in jar fitilar ɗakin shiri ta kama, ba a yin shiru. Shiru a rediyo rijiya ce, mai saurare faɗawa yake.

Kafin shekara ta zagayo, jama'a, da kun ga yarinyar nan. Ita ke taya mini kaya a kasuwa har mai tumatir ya ce in daina zuwa da lauya. Ita ta tare mai gidan hayarmu a kan katangar da ta tsage, ta jera masa magana cikin ladabi, washegari sai ga magini. Ta ce in ta ci jarrabawar fita kwaleji Maraɗi za ta, daga nan Yamai, ta zama ƴar jarida, ta riƙa zuwa ƙauyukan da ba a zuwa tana miƙa wa mata mikro. Ni da na tsaya a aji uku, sai in zauna ina kallon bakinta kawai.

Can ƙauye kuwa, uwarsu Inna Jaye ta buga ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa, duk Laraba ta rataye rediyo, maƙwabta su taru. In an ce mata ga ɗiyarki nan, sai ta kau da kai ta ce ita labarin kasuwa take jira.

Ranar Laraba Tasi'u ya rasu, da hantsi.

Abokan aikinsa suka tashi amininsa Buba ya tafi ƙauye, don can waya ba ta shiga sai an hau tudun bayan gari, kuma ko tana shiga ba a faɗa wa uwa irin wannan a waya. Kun san yadda ake yi. Mutum zai je ya durƙusa ya ce jiki ya ɗan yi tsanani, ki shirya mu tafi. Sai an kusa isowa a fara sassauta mata. To ashe ruwan asuba ya sa gulbi ya kawo, Buba yana zaune a gaɓa da babur ɗinsa yana jiran ruwa ya janye. Mu a nan ba mu sani ba. Ƴan kabu-kabu suka ce a kai sanarwa rediyo don mutane su samu jana'iza bayan la'asar. Hamdiya ta miƙe, ta wanke fuska, ta gyara hijabi.

"Tanti, shi ya buɗe mini baki," ta ce. "Ba wanda zai faɗi sunansa a can sai ni."

Ni a lokacin ko ɗankwalina ban san inda yake ba. Ta tafi ta faɗa. Waɗanda suka ji sun ce muryarta ko rawa ba ta yi ba, ta ambaci sunansa da na mahaifinsu da lokacin sallah, ta roƙa masa gafara, ta ƙarasa. Inna tana ƙarƙashin rumfa tana tsinkar zogale, mata zagaye da ita, rediyo a kan ƙusa. A bakin ɗiyarta ta ji mutuwar ɗanta. Har yau hannunta na hagu karkarwa yake, ƙafar ma janta take.

Ba ta zagi Hamdiya ba, ba ta ɗaga mata hannu ba. Bayan sadakar bakwai ta ce a gaban dangi, tunda marigayi ne ya kai ta gari, ta zauna ta taya ni takaba. Amma ranar da na bar ɗakin nan, ranar Hamdiya za ta dawo gida, kuma ita da rediyo har abada. Kowa ya ce ai wannan adalci ne.

Kun ga inda aka ɗaure ni ke nan.

Isaka mutumin Sae Sabuwa ne, gyaran famfon sola yake yi, marigayi ne ke kai shi ƙauyuka in ya shigo yankinmu. Matarsa ta rasu shekarun baya, ya san irin wannan zafin. Ya zo gaisuwa ya tafi, bai ƙara waiwayo ba sai da na fita takaba. Ya lura karatu yana ba ni wuya, bai taɓa nuna ya lura ba, saƙon murya kawai yake turowa. Da safe ina shara sai in ji wayar ta yi ƙara, in buɗe in ji shi da wannan harshe nasa na Gobir: "Habsatu, kin tashi lahiya? Ni dai ina nan inda kinka aje ni, rana ba ta narka ni ba tukuna." Sai in tsinci kaina ina murmushi, in dubi madubin babur ɗin nan da ke rataye a bango, murmushin ya koma. Ya aiko mini da atamfa ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, ita ce mai launi ta farko da ta shigo ɗakin tun rasuwar. Na kai ɗinki, na karɓo, tana ƙasan akwati. Ya aiko da ƴar fitilar sola, Hamdiya ta ƙwace ta ce ta karatu ce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son shi. Ita ma Hamdiya tsokanata take, in saƙo ya shigo sai ta maƙale murya ta ce, "Ga labaran Gobir da ɗumi-ɗuminsu." Ta san abin da aurena zai jawo mata, amma ba ta taɓa cewa kada in yi ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Babana, Malam Haladu, shi kuma ya gaji. Ya ce bazawara ba ta zama ita kaɗai a ɗakin haya, bakin mutane ba shi da ƙyaure. Ya ce tunda na amsa ina son mutumin, a ɗaura kafin ruwa ya sauka, don in shuka ta kama ba mai lokacin biki. Na ce Baba a yi mini haƙuri har yarinyar nan ta zana jarrabawa, farkon damina ne, ba nisa. In ta ci, Mushe Bashir yana da ƴar'uwa a Maraɗi da za ta riƙe ta, wataƙila kafin nan zuciyar Inna ta sauko. Ya dube ni ya ce, ɗiyar wasu ce za ta hana tawa ɗiyar ɗaki? Na sunkuyar da kai.

Isaka ya ce a taho da ita Sae Sabuwa, akwai kwaleji, ɗaki ma akwai. Na gode masa. Amma can babu gidan rediyo, kuma wace uwa ce za ta bar ɗiyarta budurwa a gidan mutumin da ya gaji matar ɗanta?

Shi ya sa ranar kasuwar Gangara na saka hijabina toka-toka, na ƙulla goro da sabulu a leda, na hau motar kasuwa. Daga Gangara na bi amalanken jaki. Muka ratsa gulbin nan, yanzu yashi ne tsura, yara suna tona ramin ruwa a tsakiyarsa. Na dubi gaɓar da Buba ya zauna, na kau da kai.

Inna ta tarbe ni da kyau, kullum haka take mini. Ta sa aka dama fura, ta ce na rame, ta tambayi mutumin Gobir ɗin, ta ce ta ji mutumin kirki ne, in yi aurena Allah ya sa albarka, ɗanta ba zai dawo ba don na zauna. Ina shan furar ina kallon ginshiƙi. Ƙusar tana nan, babu komai a kanta.

Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ajiye ludayi. Na ce Inna alfarma na zo nema. Ko na tashi, a bar Hamdiya ta ƙarasa, zan roƙi matar mai gidan hayarmu ta riƙe ta ƴan watannin nan. Na ce yarinyar nan ba da gangan ta yi ba, ta ɗauka Buba ya iso. Na faɗa mata yadda malamai ke yabonta, yadda mata ke tsayar da ni a hanya su ce a gaishe da mai muryar nan.

Ta bar ni na gama. Ta kama hannunta mai karkarwa da ɗayan ta danne a cinya.

"Na san ba da gangan ba ne. Habsatu, kin san abin da nake ji in ta ce mini Inna ina kwana?"

Na girgiza kai.

"Jana'iza bayan la'asar. Shi nake ji. Ko ruwa ta ce in sha, shi nake ji."

Na ce to Inna, in haka ne, dawowarta gida ai ƙara miki zai yi, kullum tana gabanki.

"In ta dawo za ta yi shiru, kamar da," ta ce. "Mai nauyin baki na haifa, Allah ya san abin da ya sa ya yi ta haka. Da an bar mini ita yadda take, da Buba ya iso ya durƙusa nan inda kike, ya yi mini ƙarya. Da na ɗaura zanena na hau bayansa, ina addu'a, ɗana yana da rai a cikina har Gazawa. Tafiyar nan kaɗai ta rage mini da shi. Ita aka hana ni."

Jama'a, ku da kuka yi karatu, me ake ce wa wannan? Ni dai na miƙe. Na ɗauki ledata ba komai a ciki, ta raka ni bakin zana tana jan ƙafa, ta ce in gaishe da mutan gida. Ba ta ambaci sunan kowa ba.

Na iske Hamdiya tana goge farin hijabinta na Laraba da dutsen guga na gawayi. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ba ta tambaye ni komai ba. Sai ta hau ba ni labari wai an zaɓe ta cikin waɗanda za a kai Maraɗi horo lokacin hutu, za a koya musu ɗaukar murya a ƙauye da yanka ta a na'ura. Tana faɗa tana hura gawayi, toka na sauka a kan hijabin tana kaɗewa. Na ce Allah ya sa alheri. Ta ce amin, Tanti, har da naki.

Laraba ta zo, zafi kamar a tanda. Hamdiya ta saka doguwar rigarta shuɗiya, ta ɗora farin hijabin, ta shafa kwalli a gaban madubin babur ɗin yayanta, don shi ne madubinmu. Ta fita. Na jawo bahon wanki ƙarƙashin rumfa, na soka igiyar kunne a waya don ba ta kama rediyo sai da ita, na buɗe murya na jingina ta da bokiti.

Shirin ranar a kan burtali ne, yadda gonaki ke cinye hanyar shanu. Ta sa wani manomi da wani makiyayi a gaba, tana ba kowa dama, in ɗaya ya ɗau zafi sai ta sako wasa ya huce. Har na manta da kaina ina dariya ni kaɗai. Aka zo sanarwa. Jaki ya ɓace a Gangara, mai tabo a kunnen dama. Sunan jariri a unguwar tasha. Ina jin ɗan bugun yatsarta a tebur, ƙas, ƙas, ƙas, wanda in ba ka sani ba ba za ka lura ba.

"Iyalan Malam Haladu na nan Gazawa, da iyalan Malam Labo na Sae Sabuwa, suna gayyatar ƴan'uwa da abokan arziki ɗaurin aure ranar Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, tsakanin ɗansu Isaka da ɗiyarsu..."

Sabulu ya sulluɓe daga hannuna. Ba wanda ya faɗa mini an sa rana. Baba ya yanke, ya aika rediyo, don ya san in ta shiga kunnen gari ba ta komawa.

Bugun yatsar ya tsaya.

"Ha... Ha... Ha..."

Tun shekarar da ta zo da ledarta ban ƙara jin wannan ba. Ina jin numfashinta yana gogar mikro, ina ganin wuyanta a idona yadda yake matsewa. Na tsinci kaina ina faɗa wa waya sunana, Habsatu, Habsatu, kamar za ta ji ta ɗauka. Sai shiru. Rijiyar da Mushe Bashir ke faɗa, ga ta, ni ce na fara faɗawa. Ban san iya daɗewarta ba. Daga baya wani ya sako kiɗa.

Na zauna hannuna cikin kumfa har ta mutu. Saƙon Isaka ya shigo, muryarsa a sanyaye, wai Baba ya kira su shekaranjiya ya ce an gama magana da ni, shi ya ɗauka na sani, in faɗa masa abin da nake so ya yi. Me nake so ya yi? Ya kira mutanen Sae Sabuwa ya ce ubana ya yi ƙarya? Na ɗauraye hannuna. Na fita ƙofar gida, na duba hanyar da Hamdiya take biyowa. Ƴan kulob suka wuce biyu-biyu da fararen hijabansu, babu ita. Na tambayi ɗaya, ta ce Hamdiya ta cire abin kunne ta ajiye a kan tebur ta fita, Mushe ya bi bayanta bai same ta ba.

Ina tsaye a nan, la'asar ta yi, wayar ta hau ruri. Lambar Yaya Mahamadu ce, wan marigayi, wanda ke ƙauye. Na ɗauka. Iska na ji tana kaɗawa, irin ta kan tudu, da wani haki mai nauyi kamar na wanda ya hau da ƙyar. Na yi sallama, na ce Yaya. Ba shi ba ne.

"Habsatu," Inna ta ce, tana tsayawa tana jan numfashi. "Me ya same ta? Me ya sa ta yi shiru?"

Inna da ta cire rediyo daga ƙusa, ashe tana saurare a ɓoye. Inna da ƙafarta ba ta kai ta bakin rijiya.

Na ƙara matse wayar a kunne.

"Ba ni ita," ta ce. "Ba ni ita in ji."

Na dubi hanya, gabas da yamma. Babu kowa sai wani ɗan kabu-kabu da ya wuce, bayansa ba fasinja.